Sikwalamin: sinadarin kifin shak da robar kafson da aka kawo wa Yayata

Baban Hafsat, Mabera:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana da ke cikin wannan zaure a kan wani al'amari da ya hana ni barci. Yayata, wadda ita ce ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, an tabbatar mata da cutar daji ta mama watanni uku da suka wuce, kuma likitoci sun tsara mata allurar kemo zagaye shida kafin a yi maganar tiyata. Ta karɓi biyu, gashin kanta ya fara zubewa, abinci ba ya zama a cikinta, yanzu kuma ta ce ta gaji. Ana cikin haka sai wani mai tallar magungunan ƙarin kuzari ya zo har gida da wata farar roba mai hoton kifin shak a jiki, kafso sittin a ciki, ya ce naira dubu arba'in da biyar, kuma roba uku ake sha. Ya ce kifin shak ba ya yin daji, kuma masana a Amurka sun ciro wani sinadari daga jikinsa mai suna sikwalamin, wanda yake kashe daji, yake kuma kashe ƙwayoyin cuta. Na bincika sunan a waya, na ga lallai akwai shi, har da sunayen jami'o'i. Na riga na sayi roba ɗaya. Yaya tana son ta bar kemo ta koma kan wannan. Don Allah wanda ya san gaskiyar lamarin ya faɗa mini.

Malam Sanusi, mai harhaɗa magunguna:
Wa alaikumus salam, Baban Hafsat. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Abu na farko, kada ta bar kemo. Abu na biyu, sikwalamin gaskiya ne, ba mai tallar ne ya ƙirƙiro sunan ba, amma abin da ya sayar maka wani abu ne daban, kuma zan yi ƙoƙarin raba su.

A shekarar 1993 wani likita ɗan Amurka mai suna Michael Zasloff da abokan aikinsa suka bayyana gano wannan sinadari a jikin wani ƙaramin kifin shak da ke zaune a tekuna masu sanyi, wanda tsawonsa bai cika wuce mita ɗaya ba, masana kuma suna kiransa Squalus acanthias, daga nan ne ma sinadarin ya samo sunansa. Da farko a tumbin kifin suka same shi, daga baya aka ga yana da yawa a hantarsa. Shi wannan mutum ya daɗe yana bin tambaya guda: yaya dabbobin da ke rayuwa cikin ruwa mai cike da ƙwayoyin cuta suke tsira ba tare da raunukansu sun ruɓe ba? Tun a 1987 ya lura cewa wasu kwaɗin Afirka da yake yi wa tiyata a ɗakin gwaji suna warkewa sarai ko da an mayar da su cikin gurɓataccen ruwa, har ya ciro wani makashin ƙwayoyin cuta daga fatarsu. Wannan tambayar ce ta kai shi ga shak. Wato tun asali maganin ƙwayoyin cuta yake nema, maganar daji daga baya ta shigo.

Yanzu ka juya robar da ke hannunka ka karanta mana abin da aka rubuta cewa yana ciki, ka kuma duba ko akwai lambar rajistar NAFDAC.

Baban Hafsat, Mabera:
Na duba, Malam. An rubuta cewa garin guringuntsin shak ne da man hantarsa. Akwai wata kalma mai kama da wadda ya faɗa, amma ƙarshenta ya bambanta, ita wannan sikwalin ake karanta ta. Ban ga lambar NAFDAC ko'ina ba.

Malam Sanusi, mai harhaɗa magunguna:
Abin da na yi zato ke nan. Sikwalin mai ne, wanda wani masani ɗan Japan ya fara tantancewa daga hantar shak fiye da shekara ɗari da suka wuce. Akwai shi a man zaitun, fatar ɗan Adam ma tana fitar da shi, kuma ana zuba shi a man shafawa. Sunan ne kawai ya yi kama da sikwalamin, amma ginin sinadaran biyu da aikinsu ba ɗaya ba ne. An ɗauki sunan abin da ake bincike a kansa an lulluɓe abin da ake sayarwa da shi.

Ko da a ce sikwalamin ɗin ne a cikin kafson, hanji ba ya tsotse shi zuwa cikin jini sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa a gwaje-gwajen da aka yi wa masu cutar daji ta jijiya aka riƙa ɗura musu shi, kamar ƙarin ruwa, kwana biyar a jere, likitoci suna auna hantarsu, domin hantar ce ke fara nuna alamar wahala idan adadin ya yi yawa.

Alhaji Garba, Kwalkwalawa:
Allah shi ba mara lafiya lafiya. Malam Sanusi, na ji bayaninka, amma ka yi haƙuri, ina da ja. Ni ɗan Sarkawa ne, a bakin gulbi na tashi, kuma na ga iyayenmu suna magani da abin da ke cikin ruwa tun kafin a gina asibiti a kusa da mu. Ban taɓa ganin kifin shak da idona ba, mu giwan ruwa da tarwaɗa muka sani, amma na yarda cewa Allah bai halicci wani abu a banza ba. Ku 'yan boko kun saba da zarar an ce magani daga itace ko dabba ya fito sai ku ɗaure fuska. Kai da kanka ka ce Turawa sun samu sinadarin tun 1993. To, fiye da shekara talatin ke nan, ina yake? Ni a ganina sun ga abin da zai rage musu cinikin kemo ne suka danne shi, kamar yadda suke danne duk abin da ba za su ci riba da shi ba.

Dakta Rabi:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ba mu ɗaure wa maganin itace fuska ba, domin da shi muke aiki kullum. Daga cikin alluran kemo da ake yi wa masu dajin mama akwai paclitaxel, wanda daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara samo shi. Vincristine da muke yi wa yara masu dajin da ke kumbura muƙamuƙi daga wani fure ɗan asalin Madagaska ya fito, furen da ake shukawa don ado a gidaje da yawa. Cytarabine na dajin jini kuwa daga nazarin wani soson teku aka kai gare shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da kowa ke sha yau daga ganyen tazargade ne, kuma matar da ta jagoranci ciro shi a ƙasar Sin, Tu Youyou, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Duk waɗannan ba a danne su ba, an gwada su ne suka ci jarrabawa.

Bari in faɗi yadda sikwalamin ya shiga maganar daji. A 1971 wani likitan tiyata a Boston, Judah Folkman, ya kawo ra'ayin cewa ƙari ba ya iya girma ya wuce kamar ƙwayar gero sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini da za su ciyar da shi. Ka ɗauke shi kamar gonar fadama: idan ka toshe hanyar ruwa, ba sai ka bi shuka ɗaya bayan ɗaya kana tugewa ba. Daga nan masana suka bazama neman abin da zai hana waɗannan jijiyoyi tsirowa. A 1998 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa sikwalamin yana hana tsirowar jijiyoyin, yana kuma rage girman ƙari a jikin dabbobin gwaji. Wannan labari ne mai daɗi, kuma shi ne irin abin da Baban Hafsat ya gani a wayarsa.

Abin da mai tallar bai faɗa ba shi ne ci gaban labarin. An kai sinadarin ga mutane a matakin farko da na biyu na gwaji, musamman masu dajin huhu da na ƙwan mace, su waɗannan kuwa tare da kemo aka haɗa musu shi, ba a madadinsa ba. A gwajin dajin huhu da aka wallafa a 2003 marasa lafiyar ba su kai hamsin ba. An ga 'yan alamu masu ƙarfafa gwiwa, amma ba a taɓa kammala babban gwaji na mataki na uku da zai tabbatar cewa yana ƙara wa mai daji kwana ba. Har yau babu wata hukumar magunguna da ta amince da shi a matsayin maganin daji.

Alhaji Garba, Kwalkwalawa:
To ai kin faɗi magana da bakinki, 'yata. An ga alamu masu kyau amma ba a kammala ba. Wa ya hana a kammala?

Malam Sanusi, mai harhaɗa magunguna:
A nan kam Alhaji yana da rabin gaskiya, kuma bai kamata mu ƙi ba shi ita ba. Kuɗi suna da hannu a cikin labarin. Kamfanin da ya riƙe sinadarin, wanda aka fara kira Magainin daga baya ya koma Genaera, ƙaramin kamfani ne, kuma a 2009 ya rufe, aka sayar da kadarorinsa. Babban gwaji yana cin miliyoyin daloli da shekaru, kuma a 2004 an riga an amince da wani magani mai suna Avastin da ke aiki a kan wannan hanya ta jijiyoyin ƙari, saboda haka masu zuba jari suka juya wajensa.

Amma inda na rabu da kai, ranka ya daɗe, shi ne zancen dannewa. Mutanen nan sun mallaki takardar haƙƙin sinadarin, sun kuma koyi haɗa shi a ɗakin gwaji ba tare da kama kifi ko ɗaya ba, don haka da ya yi aiki su ne za su kwashi riba. Ba su zauna ba ma. Da suka ga yana hana jijiyoyi tsirowa sai suka juya shi ga wata cutar ido ta tsofaffi, wadda jijiyoyin jini ke tsirowa a bayan ido suna tsiyaya har gani ya dushe. Kamfanin Ohr da ya sayi haƙƙin ya mayar da shi maganin ɗigawa, ya yi gwaji a kan ɗaruruwan mutane, kuma a watan Janairun 2018 ya fito ya sanar cewa waɗanda aka ɗiga wa ba su fi waɗanda ba a ɗiga wa gani ba. Wanda yake ɓoye magani ba ya kashe dukiyarsa yana gwada shi, sa'an nan ya fito bainar jama'a ya ce ya faɗi.

Nasiru, ɗalibin likitan dabbobi:
Malamai, ku ba ni dama in taɓa maganar nan ta cewa shak ba ya yin daji, domin a fanninmu ta faɗo. Ba gaskiya ba ce. Wani littafi da ya fito a Amurka a 1992 ne ya yaɗa ta, aka kuma gina kasuwar garin guringuntsi a kanta. A 2004 wani masani mai suna Gary Ostrander da abokansa suka tattara rahotanni arba'in da biyu na ƙari da aka samu a jikin shak da danginsa, har da ƙarin da ya tsiro a cikin guringuntsin kansa. An kuma gwada guringuntsin a kan mutane. Asibitin Mayo ya jagoranci gwaji a kan masu dajin mama da na hanji, aka wallafa a 2005, ba a ga amfani ba. Wani gwajin da ya fi shi girma, a kan mutum 379 masu dajin huhu, an wallafa shi a 2010, shi ma waɗanda suka sha ba su fi sauran tsawon rai ba. Saboda haka abin da ke cikin robar Baban Hafsat ba abu ne da ake jiran sakamakonsa ba, an gwada shi an gama.

Ita dabbar ma tana shan wahala a kan wannan ciniki. Irin shak ɗin da aka samu sikwalamin a jikinsa macensa tana ɗaukar ciki kusan shekara biyu kafin ta haihu, don haka idan aka yi masa kamun wuce gona da iri ba ya saurin farfaɗowa. Wani nazari na 2021 ya nuna cewa shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin ɗari tun daga 1970. Baba Alhaji ya fi ni sanin abin da ke faruwa da gulbi idan aka riƙa zuba raga mai ƙananan idanu a lokacin da kifi ke ƙwai.

Alhaji Garba, Kwalkwalawa:
Wannan kam na sani, yaro. Girman kifin da muke kamawa muna samari ba shi ake gani yanzu ba.

Malama Zainab, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina jin an bar ɓangaren da ya fi shafarmu a nan Sakkwato, wato maganar ƙwayoyin cuta. Ni aikina ke nan shekara goma sha ɗaya. Idan aka kawo fitsari ko ruwan miki, mukan shafa shi a kan wani ɗan faranti mai abincin da ƙwayoyin ke so, sa'an nan mu jera wasu ƙananan fararen takardu masu kama da ƙwayar magani, kowace ɗauke da nau'in antibayotik guda, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, mu sa a cikin na'urar ɗumi ya kwana. Da safe idan ka ɗaga farantin ka kalli haske, duk maganin da ke aiki za ka ga fili fes kewaye da takardarsa, kamar an share tsakar gida, domin ƙwayoyin sun kasa matsowa. Lokacin da na fara aiki, faranti yakan fito da irin wannan fili biyar ko shida. Yanzu sau da yawa nakan ɗaga faranti in ga ƙwayoyin sun mamaye shi har bakin kowace takarda, sai ɗaya tak ta rage, ita ma allura ce mai tsada da talaka ba ya iya saye. A watan jiya na rubuta sakamakon wata jaririya da irin wannan faranti, kuma hannuna ya yi nauyi kafin in sa hannu.

Abin bai tsaya ga abin da idona ya gani ba. Babban nazarin da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma.

Abin da ya sa sikwalamin ya ja hankalin masu irin aikina shi ne yadda yake kisa. Yawancin magungunanmu wani wuri guda suke nufa a cikin ƙwayar cuta, kamar mabuɗi da kwaɗo, ita kuwa da ta sauya kwaɗon shi ke nan mabuɗi ya tashi aiki. Shi wannan sinadari gininsa biyu ne a haɗe: gangar jikinsa dangin kitsen nan ne da ake kira kolestarol, mai son shiga cikin maiƙo, sa'an nan yana da wata jela mai ɗauke da cajin lantarki. Fatar bakteriya tana ɗauke da kishiyar wannan caji, saboda haka jelar takan manne mata kamar maganaɗisu, gangar jikin ta kutsa cikin fatar ta ɓata ta, abin da ke ciki ya tsiyaye. Sauya fata gaba ɗaya ya fi wa ƙwayar cuta wuya a kan sauya kwaɗo ɗaya. A faranti an ga yana kashe manyan rukunan bakteriya guda biyu da muke rarrabewa da rini, har da wasu nau'o'in fangas. Masu bincike a birnin Marsai na Faransa sun gwada shi a kan ƙwayoyin da aka ɗebo daga marasa lafiya waɗanda suka gagari magunguna da yawa, sun kuma gwada shi a matsayin man shafawa a fatar ɓeraye don kawar da ƙwayar da ke sa maruru, suka ga yana aiki.

Sai dai ni da nake rayuwa da faranti na san iyakarsa. Ruwan bilic ma yana share faranti tas, amma ba mai ɗura wa mutum shi. Abin da ke fasa fatar ƙwayar cuta yana iya taɓa jajayen ƙwayoyin jininmu idan ya yi yawa, shi ya sa har yanzu ba a samu sikwalamin a matsayin antibayotik na sha ko na allura a kowane asibiti ba. Idan zai shigo, ina kyautata zaton ta ƙofar man shafawa ko ruwan wanke kayan aiki zai fara shigowa.

Baban Hafsat, Mabera:
Malama, na gode. Ashe shi kansa sinadarin ba a yar da shi ba ke nan?

Malam Sanusi, mai harhaɗa magunguna:
Ba a yar da shi ba. A 2011 Zasloff ya wallafa cewa yana hana wasu ƙwayoyin bairos yaɗuwa a ɗakin gwaji da jikin dabbobi, ciki har da na shawara da na ciwon hanta. A 2017 kuma masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka nuna cewa yana hana wani furotin dunƙulewa, furotin da ke da hannu a cutar karkarwar jiki ta Fakinsin, kuma an gwada wani nau'insa da aka haɗa a ɗakin gwaji a kan masu wannan cuta da ke fama da taurin bayan gida. A can rashin tsotsuwarsa ya zama alheri, tunda a cikin hanjin ake son ya tsaya ya yi aiki.

Game da abin da Malama Zainab ta faɗa, akwai wani abin takaici da zai ƙara wa Alhaji hujja. Sabon antibayotik ba ya kawo riba, domin kwana bakwai ake shan sa, kuma likitoci sukan adana shi sai an rasa yadda za a yi. Wani kamfanin Amurka mai suna Achaogen ya samu amincewar sabon antibayotik ɗinsa a 2018, amma kafin shekara ta zagayo, a 2019, ya karye. Saboda haka ko sinadari yana da kyau, samun wanda zai ɗauki nauyinsa har ƙarshe aiki ne.

Mu kuma a namu ɓangaren muna ƙone waɗanda muke da su. Ina tsaye a kanti mutum zai zo ya ce a ba shi ja da yalo guda biyu na ciwon ciki, ko Ampiclox guda huɗu saboda mura. Idan na ce ba a sha haka, sai ya wuce kemis na gaba ko wurin mai tallar magani a faranti, wanda rana ta gama gasa kayansa. Masu kiwon kaji suna zuba irin waɗannan magunguna a ruwan sha tun kajin suna 'yan tsaki. Kowane rabin magani da aka sha horo ne ake ba ƙwayar cuta.

Ustaz Mu'azu, Runjin Sambo:
Bismillah. Wani ya tambaye ni ta gefe ko halal ne a yi magani da abin da aka ciro daga shak, sai na ga ya fi kyau in amsa a nan. A mazhabarmu ta Malikiyya dabbobin ruwa halal ne, saboda faɗin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da teku, cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito. Don haka matsalar ba a kifin take ba. Matsalar a cinikin take. Wanda ya sayar wa mara lafiya abu da sunan wani abu daban ya yi algus, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Idan shi ma yaudararsa aka yi, to wajibi ne a sanar da shi, domin gobe wani gidan zai shiga. Alhaji Garba ya yi gaskiya cewa Allah bai halicci wani abu a banza ba, hadisi ma ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, amma a wata ruwayar an ƙara da cewa wanda ya sani ya sani, wanda ya jahilta ya jahilta. Saninsa kuwa ta hanyar bincike da gwaji yake zuwa, ba ta hoton da ke jikin roba ba.

Alhaji Garba, Kwalkwalawa:
Na karɓi maganar robar nan, ban da ja a kanta, kuma Baban Hafsat kada ka bari ta bar asibiti. Amma ban sauka daga kan ra'ayina gaba ɗaya ba. Idan Bature zai tsaya ya kalli kwaɗo a cikin ƙazamin ruwa har ya fitar da magani, mu me ya hana mu? Tarwaɗa tana kwana cikin taɓo da rauni a jikinta, kuma ban taɓa ganin raunin ya ruɓe ba. Wannan yauƙin da ke jikinta wa ya bincika shi? Ga bagaruwa, ga sabara, ga marke, duk iyayenmu sun wanke miki da su. Muna da jami'a a nan Dundaye, da sashen harhaɗa magunguna da na likitan dabbobi. Ni abin da nake so in gani ke nan kafin in mutu.

Malama Zainab, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje:
Baba, tambayar da ka yi a kan tarwaɗa irin tambayar da ta haifi sikwalamin ce, kuma masana a ƙasashe da dama suna nazarin yauƙin fatar kifi saboda wannan dalili. Ɗalibanmu ma suna jiƙa bagaruwa da sabara su ɗiga a faranti, kuma sau da yawa fili yana fitowa. Inda muke tsayawa shi ne bayan nan: a ware sinadarin guda ɗaya daga cikin ɗaruruwan da ke cikin jiƙon, a san gininsa, a auna gubarsa a jikin dabba, sa'an nan a kai ga mutum. Wannan yana buƙatar na'urori da wutar da ba ta yankewa da kuɗin shekaru. An taɓa yi a ƙasar nan, domin maganin sikila na Niprisan daga haɗin wani mai maganin gargajiya ya samo asali, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta ɗauke shi ta gwada. Idan kana da hanyar samo mana tarwaɗa mai rai daga gulbi, ba ta kiwo ba, akwai ɗalibin da nake taimaka wa da aikin kammala karatunsa, kuma zan kai masa wannan shawara.

Dakta Rabi:
Baban Hafsat, in dawo kan Yaya, domin ita ce a kwance. Ka gaya mata cewa gashin zai dawo bayan an gama allurar, wannan abu ne da muke gani kullum. Amai da rashin cin abinci kuma suna da magani, kuma idan wanda aka ba ta bai tsayar ba, akwai wanda ya fi shi, sai dai likita ba zai sani ba idan ba a faɗa masa ba. Mata da yawa sukan yi shiru don kunya ko don kada a ce sun cika ƙorafi, sa'an nan su ɓace bayan zagaye na biyu ko na uku, su dawo bayan wata takwas ƙarin ya fashe ya zama miki, a lokacin da abin da za mu iya yi ya ragu ƙwarai. Tazarar da aka sa tsakanin allura da allura lissafi ce, an ba jiki lokacin farfaɗowa ba tare da an ba ƙarin lokacin sake girma ba. Ku je ranar da aka rubuta mata, ku tafi da robar nan ku nuna wa likitanta, kuma kada ta ƙara shan ko ɗaya, tunda ba wanda ya san ainihin abin da ke ciki, ga shi hantarta tana aikin tace kemo. Idan zazzaɓi ya kama ta a tsakanin allurai, kada ku tsaya kemis, ku wuce asibiti ko da tsakar dare ne.

Baban Hafsat, Mabera:
Jiya bayan isha'i na zauna a bakin gadonta na karanta mata saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya, matata tana riƙe da fitilar waya saboda an ɗauke wuta. Ba ta ce komai ba sai da na zo wurin da Dakta ta ce gashi zai dawo, sai ta ce in sake karanta mata wurin. Ta yarda za mu je ranar Talata. Kafso shida ta riga ta sha, sauran suna cikin aljihuna. Na kira mai tallar na karanta masa bayanin Malam Sanusi, ya ce shi ma haka aka gaya masa a wurin taron da aka ɗauke su aiki, kuma kuɗina ba za su dawo ba tunda an buɗe robar. Na ce masa na yafe kuɗin, amma ya bar shiga gidajen masu jinya da ita. Zan kai robar ofishin NAFDAC bayan likita ya gani. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Alhaji Garba, Kwalkwalawa:
Allah shi tashi kafaɗunta. Malama Zainab, ki turo ɗalibin, zan haɗa shi da yaran da ke su. Dakta, ina so in aika wa mara lafiya ɗanyen kifi a yi mata farfesu, ko akwai laifi ga mai karɓar wannan allura?

Dakta Rabi:
Babu laifi, Baba, yana ma da amfani, domin jikinta yana buƙatar abin gina jiki yanzu. A dafa shi ya nuna sosai, a rage yaji, a ba ta kaɗan-kaɗan da ɗuminsa, kuma kada a ba ta wanda ya kwana.